Tsohon Gida A Kan Tudu A Gaɓar Tekun Italiya: In Saya Ko In Haƙura?

Wani Alhaji ɗan kasuwar fata daga Kano ya rubuto mini. Ya ce ya daɗe yana kai fatun awaki da na tumaki majemun garin Solofra a kudancin Italiya. A tafiyarsa ta bana abokin cinikinsa ya kai shi yankin Cilento, kudu da Salerno, ya nuna masa wani tsohon gidan dutse mai hawa biyu a kan tudu kusa da Pishotta, ga itatuwan zaitun, ga teku shimfiɗe a ƙasa. An yi masa kuɗi yuro 170,000. Rufin yana yoyo, an yi shekaru ba kowa a ciki. Dillali ya ce yuro 60,000 za su gyara shi tsaf, amma sai ya ajiye kafin alƙalami yuro 20,000 cikin mako biyu, domin akwai mai so. Rabin kuɗin daga jari zai cire. Burinsa ya riƙa ba masu yawon buɗe ido haya, kuma ya samu takardar zama. Ya ce in saya ko in haƙura?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ban ga laifinka ba da gidan ya shiga ranka, wurin mai kyau ne. Amma shawarata a taƙaice ita ce kada ko yuro ɗaya ya bar hannunka cikin makonni biyun nan, kuma kada ka taɓa jarin fata saboda wannan gida, ko yanzu ko nan gaba.

Mu fara kawar da maganar takardar zama. Mallakar gida a Italiya ba ta ba mutum izinin zama. Da bizarka ta yanzu kwana 90 kake da su cikin kowane kwana 180, ko kana da gida ko a otal kake sauka. Bizar masu zuba jari ta ƙasar ba ta lissafa sayen gida. Akwai wata biza ta masu son zama ba tare da yin aiki ba, amma ita tana neman ka nuna kuɗin da ke shigo maka ba daga aiki ba, kusan yuro 31,000 a shekara. Duk wanda ya ce maka gida zai jawo takarda, ciniki yake nema.

Akwai kuma ƙofar da za a fara bugawa tun kafin maganar farashi. Dokar Italiya ta ce baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, kuma ba shi da izinin zama, yana sayen gida ne kawai idan ƙasarsa ma tana barin Ba'italiye ya mallaki irinsa. Ma'aikatar harkokin wajensu ce ke riƙe da bayanin kowace ƙasa, kuma notayo, wato jami'in da doka ta ɗora wa rubuta cinikin gida da yi masa rajista, shi ke tantancewa. Cinikin da aka ƙulla ba tare da cika wannan sharaɗi ba ɓatacce ne. Mai saye ne ke zaɓen notayo kuma shi ke biyansa, saboda haka ka zaɓi naka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka ba shi fasfonka, ka ce ya ba ka amsa a rubuce.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka saurare ni sosai, domin nan kuɗin mutane ke nutsewa. A kudancin Italiya an yi gine-gine da ƙare-ƙare masu yawa ba tare da izini ba: a ƙara ɗaki, a rufe baranda, a ɗora hawa. Har sau uku gwamnati ta yi afuwa, a 1985 da 1994 da 2003, kuma a jihar Kampaniya, inda gidan nan yake, har yau akwai takardun neman afuwar da ba a gama dubawa ba. Ranar da ka sayi gida, kai ka gaji wannan matsala. In ka nemi izinin gyara, ƙaramar hukuma za ta ɗauko zanen da ke hannunta ta gwada da abin da ke tsaye a ƙasa. In hawan sama ba ya cikin zane, aiki ya tsaya, kuma ana iya ba da umarnin rushe shi. Notayo takarda yake dubawa, ba ya hawa tudu da igiyar awo. Wannan aikin jeyometra ne, ma'aikacin awon gini da filaye, ko injiniya. Ka ɗauki naka, ya je ofishin ƙaramar hukuma ya zaro fayil ɗin gidan, ya auna ɗaki ɗaki, ya rubuta maka rahoto ya sa hannu.

Ko takardu sun fito tsaf, ba za ka yi gyara yadda ka ga dama ba. Tun 1985 doka ta sa kariya a kan duk filin da ke cikin mita 300 daga bakin teku, kuma babban ɓangaren Cilento gandun daji ne na ƙasa mai kariya tun 1991. Ma'ana, faɗaɗa taga, sauya kamannin rufi, ko haƙa wurin ninƙaya duk sai da izini na musamman, wanda hukumar kula da kayan tarihi da kyan ƙasa ke sa baki a ciki. Watanni ake jira, kuma ana iya ƙi. Itatuwan zaitun ma doka na kare su, ba a sarewa haka kawai don a buɗe hanyar mota.

Sai tudun kansa. Kai ka je da rani, rana na haskawa. Ka koma a Nuwamba lokacin ruwa kafin ka yanke magana. A watan Mayun 1998 laka ta zaftaro daga duwatsu a Sarno da garuruwan kewaye ta kashe mutum kusan 160, a Nuwamban 2022 kuma ta kashe 12 a tsibirin Iskiya, duk a jihar Kampaniya. Abokan cinikinka na Solofra za su ba ka labarin girgizar ƙasar 1980, domin garinsu na cikin waɗanda ta daka. Akwai taswirar hukuma da ta raba filaye gwargwadon haɗarin zaftarewa. In gidan ya faɗa aji na uku ko na huɗu, wato mafi haɗari, ka juya kawai. In ka koma, ka zagaya bayan gidan ka dubi katangar dutsen da ke tokare ƙasa. In ta yi ciki ta turo waje, nauyi ya yi mata yawa. Ka duba kusurwar tagogi, ko akwai tsagar da ta tafi a karkace. Ka rufe ƙofofi ka gani ko suna cijewa. Ka ajiye lemo a tsakiyar ɗaki ka ga ko zai gangara. Ka ƙanƙare ƙarfen baranda da makulli, domin iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe har na cikin kankare. Kuma ka ƙirga matakala daga inda mota ke tsayawa. A gaɓar Amalfi da ke kusa har yanzu da alfadarai ake hawa da siminti wasu unguwanni. Buhun da sai an ɗauka a kafaɗa ba kuɗinsa ɗaya da wanda mota ta sauke a ƙofa ba.

Shi ya sa ban yarda da yuro 60,000 ɗin nan ba. Dillali la'adarsa ke gabansa, ba shi zai yi aikin ba. Ka sa 'yan kwangila biyu ko uku su rubuto ƙiyasi dalla-dalla: rufi, wayar wuta, famfo, sokawe, danshin bango, katangar tudu. Abin da suka rubuta, ka ware kashi ɗaya cikin uku a kai don abin da zai ɓullo in an fasa bango. Sannan wa zai tsaya a kan aikin kana Kano? Ka san yadda gini ke tafiya in mai shi ba ya nan, ko a Hotoro ne balle a wata ƙasa da wani harshe.

Kuɗin gefe ma suna da nauyi. In daga hannun mutum za ka saya, harajin rajista kashi 9 cikin ɗari ne, ana lissafa shi a kan darajar da ke rubuce a kundin filaye, wadda yawanci ba ta kai farashin kasuwa ba. Rangwamen kashi 2 na wanda zai mayar da zamansa garin ne cikin wata 18, bai shafe ka ba. La'ada in kashi 3 ce, da harajinta na kashi 22 ta kama yuro 6,222. Ga notayo, ga tafinta in ba ka jin Italiyanci, ga harajin gida da ake biya kowane Yuni da Disamba, ga na shara, ko ka kwana a gidan ko ba ka kwana ba. In ka sayar kafin shekara 5, ribar ma akwai haraji a kanta.

Hayar kuma ta 'yan watanni ce, ƙarfinta Yuli da Agusta. Sai ka yi rajista ka karɓi lambar shaida ta ƙasa ta gidajen hayar baƙi, ka riƙa sanar da 'yan sanda kowane baƙo cikin awa 24, ka biya haraji, ka biya mai kula da gida da mai wanke zannuwa. Ka zauna da biro ka gwada abin da zai rage da abin da yuro 85,000 ɗin da za ka cire daga jari ke jawo maka in ka juya su sau uku ko huɗu a shekara a fata. Ni na san amsar, kai ma ka sani. Jarin da ya shiga dutse ba ya fitowa ranar da fatun layya suka cika kasuwa kana neman kuɗi a hannu. Kuma ka kula: kuɗin kayan da ka fitar da fom na NXP, wato takardar fitar da kaya waje, Babban Bankin Najeriya ya ce a dawo da su cikin kwana 180. Kada ka bari abokin ciniki ya ce zai biya mai gida kai tsaye daga kuɗin fatarka. Tsabar kuɗi ma ba za ta yi ba, domin a Italiya ba a miƙa yuro 5,000 ko fiye hannu da hannu, kuma notayo sai ya rubuta hanyar da aka biya kowane kaso.

Kafin alƙalamin da ake gaggauta ka a kai, ga hukuncinsa a dokarsu: in kai ka fasa, ya tafi, in mai gida ya fasa, ya mayar maka ninki biyu. Takardar tayin da dillali zai miƙo maka ma, da zarar mai gida ya sa hannu ta ɗaure ka. Tsofaffin gidaje irin wannan kuma sau da yawa na magada ne, wani yana Jamus wani yana Ajantina, kuma sai kowa ya sa hannu.

In bayan duk wannan ranka na nan a kan gidan, kuma kana da rarar da in ta kwanta shekara goma kasuwarka ba za ta ji ba, to ka saye shi a matsayin wurin hutawarka da iyali. Ka rubuta wa dillali cewa kana buƙatar wata biyu, da sunayen duk masu gidan, da fayil ɗin izinin gini. Ka ce duk tayin da za ka sa wa hannu sai an rubuta a ciki cewa in amsar notayo ko rahoton injiniya bai yi kyau ba za a mayar maka da kuɗinka cif, kuma kuɗin a asusun notayo za su zauna har a gama rajista. In ya ce mai son gidan ba zai jira ba, ka ce Allah ya sa alheri, a sayar masa.