Haƙoran kifin Myliobatis da ake samu a Wurno

Ka tambaya ko faffaɗan dutsen nan mai layi-layi da ka tsinta a Wurno haƙorin kifi ne. E, mai yiwuwa ne ƙwarai. Dangin Myliobatidae, kifayen teku masu faffaɗan jiki da ke iyo kamar tsuntsu na kaɗa fikafikai, ƙashinsu guringuntsi ne kamar na kifin shak. Shi ya sa jikin ke ruɓewa, sai haƙora da ƙayar wutsiya su saura. Teku ta taɓa rufe yankin Sakkwato, kuma a 1934 Errol White, wani masanin burbushin kifaye, ya raɗa wa wani nau'i na wannan dangin suna Myliobatis wurnoensis, don tunawa da Wurno ɗin.

Sai dai kada ka yi saurin raɗa masa suna. Na taɓa riƙe irinsa a tafin hannuna: samansa sumul, ƙasansa tsaga-tsaga kamar mataji. Da shi kifin ke farfasa ƙwanson dodon koɗi. Ƙirga layukan: Myliobatis yawanci bakwai ne, na tsakiya ya fi faɗi, Aetobatus kuwa, wani kifi mai kama da shi, layi ɗaya tak, kuma tun 2016 aka ware masa danginsa daban. In guntu ɗaya ka samu, da wuya a bambance su.