Man gyaɗa, jinyar suruka da jarin da ke zurarewa

Wata malama daga unguwar Pantami a Gombe ta aiko da tambaya. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a gida, ga yara huɗu, ga surukarta da ta samu shanyewar ɓarin jiki tana hannunta. Da buhu take sarin gyaɗa, yanzu ta koma mudu-mudu, domin kuɗin magani daga cinikin yake fita. Har ta fara tunanin cire babbar 'yarta daga makaranta ta riƙa yi mata talla. Tana neman mafita.

Malama, sannu da ɗawainiya. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya biya ki da alheri.

Maganar yarinya dai ki ajiye ta gefe. Abin da talla za ta kawo miki a wata bai kai abin da za ta rasa ba, kuma ba rashin mai talla ne ya cinye jarinki ba. Sana'arki tana da riba. Abin da ya faru shi ne an ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Maganin hawan jini ba na mako ɗaya ba ne, kullum ake shan sa, sannan ga gashin ƙashi, ga kuɗin Keke Napep zuwa asibiti da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ƙaramin jari ba ya jure irin wannan cira. A addini ma, ciyar da uwa da maganinta suna wuyan 'ya'yanta ne, dukiyarki kuwa taki ce, abin da kika bayar kyautatawa ce. Ki samu lokacin da hankalin maigida yake kwance ki nuna masa lissafi a rubuce: ga abin da magani ke ci a wata, ga yadda buhu ya koma mudu. Shi zai tara 'yan'uwansa, ba ke ba. A yanka wa kowa abin da zai riƙa turowa, 'ya'yan Mama mata kuma su karɓi wasu kwanakin jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki kuma sa maigida ya je asibitin unguwa ya bincika yadda ake rajistar GoHealth, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, ko za a rage tsadar magani.

Sai ita sana'ar. Sayar da kwalba-kwalba ya fi riba a ido, amma yana cin yininki: kina tsakiyar yi wa Mama wanka, yaro na sallama zai sayi man ɗari biyu. Ki koma bayar da sari. Masu tsire da balangu kullum suna neman ƙuli-ƙuli don yaji, masu kilishi na neman tunkuza, masu masa da ƙosai na sayen mai da galan. Idan kika kama mutum uku ko huɗu a cikinsu, kika tsayar da ranaku biyu a mako na suya da matsa, sauran kwanakin naki ne da gida. Ribar kowane galan za ta ɗan ragu, gaskiya ne, amma kuɗin zai shigo a dunƙule. Bashi kada ya wuce mako: wanda bai biya na baya ba, ba ya ɗaukar sabo.

Kuɗin gyaɗa kada ya kwana a ɗaki, don duk wanda ya ga kuɗi a hannunki wata buƙata za ta taso. Ki buɗe asusu da sunanki, da NIN da BVN ɗinki, masu saye su riƙa turawa can. In kina gudun kuɗin ruwa, akwai bankuna irin Jaiz. Ribar kaɗai za ki taɓa. Adashin kullum ba zai yi miki ba yanzu, ki shiga na mako, ki roƙi uwar adashi ta sa ɗaukarki wajen Nuwamba, lokacin da sabuwar gyaɗa ke sauka a Tudun Hatsi da sauƙin farashi. Ki zaɓi busasshiya sosai, ki ɗora buhun kan katako, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɓata mai, tana kuma cutar da hantar mai ci.