Tie da draw duk kunnen doki ne, amma da bambanci

Salam ɗan'uwa, ka tambaya mi ya sa kalmar tie ta Ingilishi wani lokaci take nufin zumunci wani lokaci kuma kunnen doki. Asalinta ɗauri ce, kamar ka ɗaure akuya da igiya, shi ya sa karabat ma tie suke ce mishi. Daga nan aka samu family ties wato dangantakar jini, 'yan uwanta su ne link da bond da connection, amma bond ta fi nauyi, irin shaƙuwar uwa da ɗa ce, connection kuma har rezon waya tana ɗauka.

A wasa kuwa, abin da muke ce ma match nul nan Tahoua, 'yan Ingila draw suke cewa, 'yan Amurka sun fi cewa tie. Kamar final ɗin kofin duniya na 2022, Ajantina da Faransa 3 da 3 aka tashi kafin fenariti. Amma ka kula sosai don nan ne mutane ke ruɗewa, in ka ji ɗan Ingila ya ce cup tie ba canjaras yake nufi ba, wasan ne kanshi da aka haɗa ƙungiya biyu, kuma draw ma tana nufin ƙuri'ar da ake ja a raba rukuni.

Wadda ta fi burge ni dead heat ce, ta sukuwa, dawaki biyu su iso layi tare ba a gane na gaba ba. Ita ce ta fi kusa da kunnen dokin namu wallahi.