Baƙin wili a farar Camry: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Camry 2010 fara, wadda ake kira Muscle, kuma kusan kowane mako sai na yi Daura zuwa Katsina da ita. Kwanan nan na ga irinta a wajen wani ɗaurin aure da baƙaƙen wili, ta tafi da hankalina. Abokaina sun rabu biyu, wasu sun ce in yi, wasu sun ce motar za ta koma kamar tasi. Shin baƙin wili yana yi wa mota kyau? In fente nawa ne, ko in sayo masu inci 18? Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana kyau, musamman a farar mota irin taka. Amma abokanka masu maganar tasi su ma ba ƙarya suka yi ba, kuma ga dalili.

Taya baƙa ce, ramin da take zaune a ciki ma duhu ne. In ka ƙara baƙin wili, wanda ya hango motar daga nesa ba zai gane inda taya ta ƙare wili ya fara ba. A farar mota ko ja ko ruwan azurfa, wannan duhun na ƙasa yana fito da jikin motar, ta yi kamar ta ƙara zama daram. A baƙar mota kuwa komai sai ya dunƙule ya zama abu guda, da magariba ma sai ka ce ba ta da ƙafafu. Sannan zanen wilin yana da tasiri. Mai yatsu biyar masu kauri yana ɗaukar baƙi. Mai siraran yatsu da yawa, adon da ka biya kuɗi dominsa ɓacewa yake yi. In kuma wilin ƙarami ne, tayar mai tudu, aka shafa masa baƙi marar sheƙi, to ba shi da maraba da wilin ƙarfen Golf ɗin haya ta hanyar Jibiya da murfinsa ya faɗi. Abin da abokanka ke gudu ke nan.

Babbar magana dai ita ce ƙura. Hotunan da ke ruɗar samari a Instagram a wuraren da ba su san hunturu ba aka ɗauke su. Mu nan, daga Nuwamba har wajen Fabrairu, ƙurar da ke sauka fara ce fat. A wili mai ruwan azurfa sajewa take yi, ka yi mako ba wanda ya lura. A baƙi kuwa kamar ka zuba gari a baƙar riga. Ka wanke mota da safe a Daura, kafin ka wuce Mashi kana iya rubuta sunanka da yatsa a kan wilin. Da damina jar laka ta karɓi aikin. Ana cewa baƙi yana ɓoye ƙurar birki. Rabin gaskiya ce, don wannan ƙurar garin ƙarfe ne da ke gogewa daga faifan birki, in ta sha danshi ta kwana biyu sai ta koma ruwan ƙasa, ta fito sarai.

Sai ka zo wajen wanki. Na sha tsayawa ina kallon yaran wankin mota: soson da ya gama dirzar taya da shi, duk yashi a jikinsa, shi zai tsoma a bokitin Omo ya hau wili da shi. A baƙi mai sheƙi, wanki uku ya isa ka ga siraran zane kamar saƙar gizo in rana ta haska. Ruwan bohol kuma in ya bushe a kansa cikin rana sai ya bar fararen ɗige-ɗige. Marar sheƙi ya fi ɓoye zane, amma in mai ko giris ya taɓa shi sai ya yi tabo, kuma ba a goge shi da folish, don wurin da ka goge zai ɗau ƙyalli ya bambanta da saura. Ga mai faci. Wilin aloi alminiyom ne, cikinsa fari tas, ƙarfen da ake ɓamɓare taya da shi in ya kuskure sau ɗaya sai ka ga farin tabo a baki, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho.

Batun zafi da wasu ke tsoratarwa, wai baƙi zai fasa taya a watan Afrilu, kada ya dame ka. Zafin da birki da kwalta ke ba wili ya fi abin da launi ke ƙarawa nesa ba kusa ba. Ka dai duba iskarka da safe.

In ka yanke shawarar yi, ni na fi son ka fente naka na asali. Amma ba da gwangwanin fesawa ba, taya na jiki an lilliƙa jarida. Wannan ko damina ɗaya ba ya kaiwa yake fara ɓarewa. Araha ba ta ado. A cire tayoyin, a goge wilin sosai, a sa shimfiɗar farko, a fesa baƙin, a bi shi da kiliya, wato fenti marar launi da ke kare na ƙasa. Wanda ya fi ƙarko shi ne fentin hoda da ake gasawa a tanda, wajen digiri 180 zuwa 200. Ko wanne aka yi, ka tsaya a kan mai fentin kada ya shafa wa bayan wilin inda yake manne da mota, haka ma mazaunin noti. Fenti a wurin nan yana murƙushewa bayan an ɗaure, notin ya saki kana tsakiyar tafiya.

Inci 18 ɗin nan kuwa, a nan ne nake jin tsoron garin neman gira a rasa ido. Yawancin irin motarka da taya 215/60 R16 suke zuwa, wato ta wili mai inci 16, tudun robar wajen milimita 129. In ka koma inci 18, tayar da za ta dace ita ce 225/45 R18, tudunta wajen milimita 101. Kusan santimita 3 ke nan ka rage daga abin da ke shanye duka tsakaninka da rami. Wilin ƙarfe in ya daki rami lanƙwasawa yake yi, a buga masa guduma ya dawo. Aloi yakan tsage, tayar ta riƙa sace iska a hankali, kullum kana bakin mai faci. Ga wanda ke bin babbar hanya kowane mako, wani lokacin har dare ya yi masa, inci 17 shi ne iyakar abin da zan yarda da shi.

In kuma na hannu za ka saya, ko a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka yi hattara da wanda aka yi wa sabon baƙin fenti, don babu abin da ke rufe walda da ciko kamar baƙi. Juya shi ka shafa cikinsa da hannu, a ɗora shi a injin balansin ka ga yana juyawa daidai. Ramukan notin wilin Camry biyar ne, ma'aunin tazararsu 5x114.3, ramin tsakiya milimita 60.1. Na Honda Accord ramukan sun yi daidai amma tsakiyarsa 64.1 ce, zai shiga ya bar tazara, sitiyari ya riƙa karkarwa in ba a sa masa zoben da zai cike tazarar ba. Na Marsandi 5x112 ne, a ido kamar zai hau, kada ka bari a matsa shi da ƙarfi.

Da motata ce, toka mai duhu zan zaɓa, ko baƙi mai gogaggiyar fuska da alminiyom ɗin ke ƙyalli a saman yatsun. Daga nesa suna ba da wannan kwarjinin da ka gani, kuma suna haƙuri da ƙura. Kafin ka kashe ko sisi, ka nemi mai motar nan ta ɗaurin aure. Ranar da ka gan ta daga wanki ta fito. Ka je ka same shi ranar Laraba da yamma, ya kwana uku bai wanke ba, ka durƙusa ka kalli wilin gaba na ɓangaren direba.