Tambayoyi da Amsoshi: Talla, Gasa da Bunƙasar Kafafen Sada Zumunta

Tambayoyin wannan karon duk sun karkata ne ga batun kuɗi: yadda kafafen sada zumunta ke samunsa, yadda suke kokawar ƙwace masu amfani da su daga hannun juna, da kuma abin da hakan ke jawo wa mai waya da mai son tallata hajarsa.

Tambaya: Malam, ban taɓa biyan ko sisi don buɗe Facebook ko Instagram ko TikTok ba. To ta ina suke samun kuɗin da har suke sayen wasu kamfanoni da biliyoyin daloli?

Daga talla suke samu. A shekarar 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 135, kuma kimanin kashi 98 cikin ɗari na kuɗin daga masu talla ya fito. Abin da ake sayar musu shi ne gurbi a fuskar wayarka, haɗe da hasashen abin da za ka yi idan ka ga tallan.

Duk lokacin da kake jan shafi sama ka iso gurbin talla, ana yin gwanjo a kan wannan gurbin kafin ƙiftawar ido. Wanda ya fi tayi mai tsoka ba lallai ne ya ci ba. Meta na duba abubuwa uku: kuɗin da mai talla ya taya, yiwuwar kai ɗin nan za ka aikata abin da yake so (latsawa, aika saƙo ko saye), da ingancin tallan, wato ko mutane na ɓoye shi ko suna kai ƙararsa.

Ga misali don lissafin ya fito fili. Mai talla na farko ya ce zai biya dala 2 a kan kowace latsawa, amma manhaja ta yi hasashen mutum ɗaya cikin ɗari ne zai latsa. Na biyu ya taya dala 1 kacal, sai dai ana hasashen mutum biyar cikin ɗari za su latsa nasa. Idan aka nuna kowanne sau dubu, na farko zai kawo dala 20, na biyu kuma dala 50. Na biyun ne zai samu gurbin duk da tayinsa ya fi ƙanƙanta. Wannan lissafi ne ya sa kamfanonin ke tattara bayananka ba ji ba gani, domin gwargwadon daidaiton hasashensu, gwargwadon tsadar gurbin.

Darajar gurbin ma ta danganta da inda mutum yake. A wata ukun ƙarshe na 2023, Facebook ya samu fiye da dala 68 a kan kowane mai amfani da shi a Amurka da Kanada, alhali a yankin Asiya da Fasifik bai kai dala 6 ba. Mutanen ba su bambanta wajen yawan kallo haka ba, masu tayin ne suka bambanta.

Tambaya: Na yi hira da ƙawata a kan wata jaka, ko bincike ban yi ba, washegari sai ga tallanta. Wayata na saurarena ne?

Hajiya, wannan tambaya ta fi kowace yawan zuwa. Masu binciken da suka bi diddigin bayanan da ke fita daga wayoyi ba su gano cewa manyan manhajojin nan na naɗar hira a ɓoye don talla ba, kuma kamfanonin sun musanta. Abin da ya tabbata suna yi ya ishe su. Dubban shagunan intanet na ɗauke da wani ɗan lambar bibiya na Meta mai suna Pixel, wanda ke kai rahoton kayan da aka duba da wanda aka saka a kwando. 'Yan kasuwa kuma na loda jerin lambobin waya da imel na abokan cinikinsu don a nemo su a dandalin, har a nemo masu kama da su. Idan ƙawarki ta nemi jakar, kuma manhaja ta ga ɗabi'unku da shekarunku da inda kuke sun yi kama, ba abin mamaki ba ne tallan ya biyo ki.

Kina iya tabbatarwa da kanki. Daga Android 12 zuwa sama, ɗigo kore na bayyana a saman fuska duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirufo ko kyamara. A iPhone, daga iOS 14, ɗigon makirufo ruwan lemo ne. Ki shiga saitin izini ki cire wa duk manhajar da ba ta buƙatar makirufo damar amfani da shi.

Don rage bibiyar kanta, ki latsa ɗigo ukun da ke saman tallan ki zaɓi "Why am I seeing this ad?", za a nuna miki dalilan da suka sa aka zaɓo ki. A cikin Accounts Center na Facebook ko Instagram akwai wurin da ake ganin kamfanonin da suka aika bayananki daga waje, ana iya goge tarihin a kuma katse na gaba. A Android ki nemi sashen Ads a saitin Google ki goge lambar talla ta wayar. A iPhone ki shiga Privacy & Security, sannan Tracking, ki kashe damar neman bibiya. Yawan tallan ba zai ragu ba, sai dai zai rage dacewa da ke.

Wannan maɓalli na iPhone ba ƙaramin abu ba ne. Apple ya kawo shi a watan Afrilun 2021 da iOS 14.5, kuma Meta da bakinsa ya ce zai jawo masa asarar kimanin dala biliyan 10 a shekarar 2022.

Tambaya: Na latsa "Boost post" na biya kuɗi. Mutane da yawa sun nuna sun so hoton, amma ko mutum ɗaya bai saya ba. Cuta ta aka yi?

Ba a cuce ka ba, abin da ka nema aka ba ka. Manhaja na kai talla ne ga mutanen da suka fi yiwuwar aikata abin da ka zaɓa a matsayin buri. Idan burin shi ne mu'amala da hoto, za ta nemo maka masu latsa alamar so a kan duk abin da suka gani, kuma waɗannan su ne mafi arha a gwanjon domin ba su cika saye ba. Ka bar maɓallin nan ka koma Ads Manager, shafin Meta na tsara talla, inda ake da buri shida: sanarwa, kai mutane shafi, mu'amala, tattara masu sha'awa, tallata manhaja da kuma ciniki. Idan ta hira kake sayarwa, ka saita tallan ya zama saƙo ake nema. Idan kana da shagon intanet, ka sa Pixel a kansa ka zaɓi ciniki, domin manhajar ta san wanda ya saya har ta nemo irinsa.

Abu na biyu da ke kashe ƙananan masu talla shi ne lokacin koyo. Kowane rukunin talla na buƙatar sakamako kusan 50 cikin kwana bakwai kafin manhaja ta gane mutanen da suka dace. A ce kowane saƙo na cin dala 2: kana buƙatar dala 100 a mako, wato kusan dala 14 a rana. Wanda ya sa dala 3 a rana zai samu saƙo goma ne a mako, tallansa ba zai fita daga laluben ba. Idan kuɗinka kaɗan ne, kada ka raba shi gida biyar. Ka haɗa shi a rukuni ɗaya, ko ka zaɓi burin da ya fi saurin faruwa, misali saka kaya a kwando maimakon kammala biya. Sannan ka daina taɓa tallan kullum. Sauya hoto, ko mutanen da ake nufa, ko ƙara kuɗi da yawa a lokaci guda, duk suna mayar da koyon farko.

Na uku, ƙuntata masu kallo. Mutane na ɗauka idan suka jera sharuɗɗa goma sun yi dabara, alhali sun rage gurbin da za su iya ci ne, farashi ya tashi, mutane kaɗan ɗin kuma su yi ta ganin talla ɗaya har ya gundure su. Ka duba ma'aunin da ke nuna sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. Idan yana hawa kuma farashin kowane sakamako na hawa tare da shi, lokacin sabon hoto ko bidiyo ya yi.

Sai abin da ba laifin manhaja ba ne ko kaɗan: shafin da ke jinkirin buɗewa, farashin da aka ɓoye, da saƙon da ba a amsa ba sai bayan awa shida. Ka riga ka biya kuɗin kawo mutumin, shi kuma ya riga ya tafi. Masu iPhone kuma su lura, tun 2024 ana ƙara cajin Apple na kashi 30 cikin ɗari idan aka biya kuɗin "Boost" daga cikin manhajar. A biya ta burauza, cajin ba ya hawa.

Adadi ɗaya nake so ka riƙe: nawa ka kashe kafin ka samu mai saye ɗaya, kuma nawa ribarka a kansa. Yawan masu so da masu kallo ba ya shiga wannan lissafin.

Tambaya: Me ya sa duk manhajojin suka koma kama da juna? Ko'ina gajeren bidiyo.

Domin abu ɗaya suke takara a kai, wato lokacinka, kuma awannin rana ba sa ƙaruwa. Mintin da ka yi a TikTok gurbin talla ne da Instagram ya rasa.

A da, ƙarfin dandali yana ga mutanen da ke cikinsa. Kana zama inda 'yan'uwanka da abokanka suke, shi ya sa sabon shiga ke shan wuya. Google da duk ƙarfinsa ya buɗe Google+ a 2011, ya rufe shi a 2019, don mutane sun yi rajista sun tarar ba kowa. Amma wannan ƙarfin na iya juyewa. Kamfanin News Corp ya sayi dandalin sada zumunta na MySpace a 2005 kan dala miliyan 580, ya sayar da shi a 2011 kan kimanin miliyan 35, bayan jama'a sun yi ƙaura zuwa Facebook. Shafukan MySpace sun cika da talla da nauyi, kuma da zarar abokai sun fara tafiya, sauran ba su da dalilin zama.

Manyan sun ɗauki darasi, suka riƙa yin ɗayan biyu: saye ko kwaikwayo. Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1 lokacin ma'aikatansa 13 ne, ya sayi WhatsApp a 2014 kan yarjejeniyar dala biliyan 19. Snapchat ya ƙi sayuwa, sai Instagram ya fito da nasa Stories a 2016, WhatsApp ya biyo da Status a 2017. Waɗannan saye-sayen ne suka sa hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta maka kamfanin a kotu a 2020.

TikTok ne ya sauya wasan. ByteDance, kamfanin da ya mallaki TikTok, ya sayi manhajar gajeren bidiyo ta Musical.ly a 2017 ya haɗe shi da TikTok a 2018, kuma manhajar ba ta damu da wa ka sani ba. Tana auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo, ko ka maimaita, ko ka wuce, sai ta zaɓo na gaba. Sabon mai rajista da ba shi da aboki ko ɗaya na samun abin kallo tun mintin farko. TikTok ya kai masu amfani biliyan 1 a wata a 2021. Instagram ya fito da Reels a 2020, YouTube ya fito da Shorts, kuma a farkon 2022 Facebook ya sanar da raguwar masu shigarsa kullum a karon farko a tarihinsa. A ganina mai amfani ya yi asara a nan, domin labarin 'yan'uwa da abokai, wanda shi ne dalilin buɗe shafin tun asali, ya koma can ƙasa.

Kada kuma yawan rajista ya ruɗe ka. Threads, manhajar gajeren rubutu ta Meta, ya samu rajista miliyan 100 cikin kwana biyar a Yulin 2023, amma da asusun Instagram aka shiga, ba daga sifili ya fara ba. Masu talla sun fi duba adadin da ke dawowa kullum da tsawon zaman da suke yi.

Tambaya: Mabiyana sun haura dubu goma, amma abin da na wallafa ɗari biyu ne ke gani. In sayi ƙarin mabiya?

Kada ka saya. Ana fara nuna abin da ka wallafa ga wani ɗan kaso, idan suka tsaya suka kalla, suka tura wa wasu ko suka adana, sai a faɗaɗa. Mabiyan saye ba mutane ba ne, ko kuma mutane ne da ba ruwansu da kai, don haka gwajin farko zai riƙa faɗuwa, kuma dandali na iya rufe asusun. Ka duba alƙaluman shafinka ka ga a daƙiƙa ta nawa ake barin bidiyonka. Idan a ukun farko ne, gaisuwa da doguwar gabatarwa ne matsalar, ka fara da abin da ka zo nunawa. Ka kuma tattara lambobi ko imel na abokan cinikinka da yardarsu, domin dandali na iya sauya tsarinsa gobe ba tare da ya shawarce ka ba.

Tambaya: An ce WhatsApp ya fara talla. Suna karanta saƙonnina ke nan?

A watan Yunin 2025 Meta ya sanar da sa talla a sashen Updates, inda Status da tashoshi suke, ba a cikin hira ba. Saƙonni da kira na sirri suna kulle daga waya zuwa waya tun 2016, kamfanin ba ya iya buɗe su. Abin da ya ce yana amfani da shi wajen zaɓen tallan shi ne ƙasa ko birni, harshen wayar, tashoshin da kake bi da yadda kake mu'amala da tallan. Idan ka haɗa WhatsApp ɗinka da Accounts Center, bayanan Facebook da Instagram ma za su shigo lissafin, don haka wanda ba ya so ya bar shi a ware. Hira da asusun kamfani kuma daban take: kamfanin da kake magana da shi na iya adana saƙonnin ya yi amfani da su wajen tallarsa, don haka kada ka aika lambar katin banki ko lambar sirri ta nan.