Akwatin Tambayoyi: Wace laftof ce za ta iya da lissafi da zafin Marwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Marwa, shekarata ta uku a fannin lissafi. Muna aiki da manhajojin Python da Octave, kuma kullum a kan mashin nake zuwa makaranta da jaka a baya. Babana ya sayar da bijimi ya ba ni sefa dubu 250 in sayi laftof. Yayana ya ce in nemi wadda ta fi siranta, 'yan ajinmu kuma sun ce sai mai katin sarrafa hoto na NVIDIA. Wa zan bi?
Daga wata ɗaliba, unguwar Domayo, Marwa

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka wa Baba da alheri. Kuɗin bijimi ne a hannunki, don haka zan faɗa miki abin da zan faɗa wa 'yar cikina.

Ki fara tambayar RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, kafin ki tambayi nauyi. Jadawalin lambobi mai layi 20,000 da ginshiƙi 20,000 lambobi miliyan 400 ke nan, kowace tana cin bayit 8, jimla giga 3.2. Da kin fara sarrafa shi, Python za ta yi masa kwafi ɗaya ko biyu, ga shafukan intanet a buɗe, sai mai giga 8 ta fara numfashi sama-sama. Ki nemi giga 16. A nan shawarar yayanki take da haɗari, domin yawancin siraran nan an liƙe musu RAM da dalma a jikin allo, ba a ƙarawa. Ni kaina na taɓa sayen irinta a nan Garwa don kyanta ya ɗauke mini hankali. Ban cika shekara biyu ba na rabu da ita da asara, har yau abin yana yi mini ciwo.

Da kuɗin nan, ta hannu za ki nema, irin waɗanda ofisoshin Turai suka yi amfani da su. Zaɓina ThinkPad T480 ce, ta 2018. Nauyinta kilo ɗaya da rabi da 'yan kai, tana da gurbin RAM biyu, da batir biyu, na wajen ana cire shi da hannu a sa wani. Duk wanda ya san ɗaukewar wuta a watan Afrilu ya san darajar wannan. Tana caji ta USB-C, kuma tana karɓar Linux, da Windows 11 idan injinta Intel ƙarni na takwas ne. X1 Carbon ta fi ta sauƙin ɗauka, kilo ɗaya da kaɗan, amma sai kin samu mai giga 16 tun asali.

Ga kuma zafi. Idan rana ta haura digiri 40, injin yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, kuma siririya ta fi saurin yin haka. Kada ki ɗora ta a kan katifa, sannan bayan hunturu ki kai wa mai gyara ya busa ƙurar fankarta.

Katin NVIDIA kuwa ki bar shi. Nauyi ne da shan batir. Ranar da aiki ya buƙace shi, akwai Google Colab, inda ake aron irin wannan katin ta intanet.

Idan kin je shago, ki tafi da wanda ya san kan abin, kada ki yi sauri. Ki tabbata SSD ce a ciki, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Ki rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt na Windows ki ga abin da ya rage na ƙarfin batirin. Ki sa mai shagon ya shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, a gabanki, idan an kulle da kalmar sirri ki ajiye masa kayansa. Ki duba madannai ma: masu zuwa daga Faransa tsarin AZERTY ne, inda sai kin danne AltGr kafin ki samu alamomin { da [ , alhali mai rubuta manhaja yana buga su sau ɗari a yini. Ni QWERTY, tsarin Ingilishi, nake so, amma idan za ki rubuta kundinki da Faransanci, AZERTY za ta sauƙaƙa miki wasulan. Idan kuma ta Najeriya ta shigo, cajarta mai ƙafa uku ce, ki sa ya canza miki wayar da mai ƙafa biyu kafin ki biya.