Tambaya da Amsa: Wai ina kifin tirawut yake ɓoyewa ne a kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Yauri ne, karatu ya kawo ni garin Bozeman a jihar Montana ta Amurka. Tun ina yaro nake bin kawuna su a kogin Neja, to da na zo nan sai wani abokin karatuna ya ara min ɗan jirginsa na roba mai filafili biyu, sau uku ke nan ina shiga kogi neman kifin da suke kira tirawut amma wallahi ko taɓa ƙugiyata bai yi ba, ga turawa kusa da ni sai ciro shi suke. Don Allah ta ina ake gane inda yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, ilimin kawu yana nan daram kar ka raina shi, sai dai kifin ne ba irin namu ba. Tarwaɗa tana son laka da ruwa mai ɗumi, ko ruwan ya kusa ƙafewa tana nan abinta, shi kuwa tirawut ɗan gata ne, sai ruwa mai sanyi mai tsabta mai iska a ciki. Ya fi walwala idan ruwan yana wajen digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyos, da ya haura 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa ba za ka taɓa ganinsa a Yauri ko Argungu ba, a Afirka ma sai wuraren tsaunuka irin na Kenya da Lesoto inda turawa suka kai shi.

Abin da nake zargi shi ne kana jefa ƙugiya ne a tsakiyar kogi inda ya fi faɗi da kyan gani, kuma yawanci nan ba kowa. Tirawut malalaci ne mai wayo. Kullum fuskarsa tana kallon inda ruwa ke gangarowa, yana tsaye wuri guda yana jiran ruwan ya kawo masa ƙwari har baki, ba ya son ya ƙona ƙarfinsa yana kokawa da ruwa mai gudu, kuma ba ya son ya zauna a ruwan da ya kwanta tunda can abinci ba ya wucewa. To ina zai tsaya? A kan iyaka. Idan ka nutsu ka kalli saman kogi za ka ga wani layi kamar ɗinki inda ruwa mai sauri yake gogar mai sanyin tafiya, sau da yawa ma kumfa da ƙananan ganye suna bin layin nan a jere. Abin da ya tara kumfar shi ya tara ƙwarin, kifin yana gefen da ruwa ya lafa, sai ya leƙo ya cafke ya koma. In ka koyi ganin wannan layin kaɗai, rabin matsalarka ta ƙare.

Sauran wuraren duk hikimar ɗaya ce. Bayan babban dutse ruwa yana lafawa, kowa ya san wannan, amma abin da sababbi ba su sani ba shi ne a gaban dutsen ma akwai ɗan wurin hutu inda ruwa ke taruwa kafin ya rabu biyu, kuma manyan kifaye suna son nan don su ne farkon ganin abinci. A lanƙwasar kogi, ɓangaren waje shi ne mai zurfi saboda nan ruwa ke cin gaɓa, har yakan raraki ƙarƙashinta ya bar rumfa ta ciyawa da saiwoyi, wannan rumfar gidan tirawut mai ruwan ƙasa-ƙasa ne, wanda aka kawo ƙwansa Amurka daga Jamus a 1883, shi fa ba ya son haske ko kaɗan. Sai inda ruwa ya gama tsalle a kan tsakuwa ya faɗa gurbi, nan ma tsaya, tsallen ya cika ruwan da iska kuma ya tono tsutsotsi daga ƙarƙashin duwatsu. Sai bakin ƙaramin rafi da ke shigowa babban kogi, musamman a watan Yuli da Agusta, don ruwansa ya fi sanyi. A Agusta ɗin ma ka matsa kusa da gaɓar da ke da doguwar ciyawa, iska tana kaɗo fara cikin ruwa, kuma kifin nan yadda ka san mutanenmu da soyayyar fara, haka yake.

Yanzu maganar jirgi, don ina ganin nan ma akwai gyara. Kamar kai kaɗai kake shiga ko? Ba ya yiwuwa ka riƙe filafili biyu ka kuma riƙe sandar fatsa a ruwa mai tafiya. Waɗancan da kake gani suna ciro kifi, duba da kyau, ɗaya yana zaune a tsakiya yana tuƙi ɗaya yana jifa, kuma matuƙin ba gaba yake tura jirgin ba, baya yake ja a hankali don ya rage gudu, jirgin ya riƙa tafiya daidai da koton da ke kan ruwa. Idan koto ya fi kumfar da ke kusa da shi gudu, ko zare ya ja shi yana tsaga ruwa, tirawut ya gane, ba zai taɓa ba. Ku bar tazarar kamar mita 10 tsakaninku da gaɓa, ku jefa gaba da jirgi kafin inuwarku ta iso kansa, kuma a daina buga filafili a jikin jirgi. In babu abokin tafiya to mai da jirgin ya zama abin hawa kawai, ka sauka a kan tsakuwa ka ɗaure shi ka yi su a tsaye. Ka nemi tabarau ɗin nan mai kashe ƙyallin ruwa, da shi za ka ga inda ƙasan kogi ya sauya launi daga fari-fari zuwa kore mai duhu, wannan sauyin shi ne bakin zurfi.

Game da wane kogi, ni da zan zaɓa maka sai in ce ka fara da Misuri. Kogunan Madison da Gallatin da Jefferson ne suka haɗu a Three Forks suka zama shi, amma sashen da nake nufi yana can ƙasa da dam ɗin Holter, daga dam ɗin zuwa ƙauyen Craig kamar kilomita 13 ne, ruwa mai faɗi mai sauƙin tuƙi, kuma tunda daga tafkin dam yake fitowa ba ya dagulewa sosai kamar sauran. Daga Bozeman awa biyu ne da 'yan kai a mota. Kogin Yellowstone da ke kusa da ku ta garin Livingston yana da kyau ƙwarai amma ba dam a kansa, da ƙanƙarar tsaunuka ta fara narkewa a Mayu da Yuni sai ya cika ya zama kamar kunu, har ambaliya ya yi a Yunin 2022, jira sai ya faɗa. Akwai kuma wurare biyu da ban yarda ka kusance su da jirgin aro ba, kwazazzabon Yankee Jim a Yellowstone da na Bear Trap a Madison, waɗannan na ƙwararru ne. Kafin ka fita duba shafin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, a intanet, suna saka yawan ruwan da ke gudu a kowane kogi kyauta.

Doka kuma ba wasa a can. Ka yanki lasin a wajen hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, wato Fish, Wildlife & Parks, ka karanta ɗan littafin dokokinsu don kowane kogi da nasa, misali yawancin Gallatin an hana kamun kifi daga cikin jirgi, haka wasu sassan Madison. Da rani idan zafin ruwa ya kai digiri 73 na Faranhait, wato kusan 23 a namu, kwana uku a jere, sukan rufe su daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Abin daɗin shi ne tun 1985 dokar Montana ta ba kowa damar amfani da kogi har zuwa alamar da ruwa ke kaiwa in ya cika, ko da gonar wani ce a gefe, amma kar ka taka gonar. Rigar ceto kuma saka ta a jiki, na san ɗan Yauri ya iya ruwa, amma ruwan ƙanƙara daban ne, yana ɗauke numfashi nan take. Kar ka saki anga, wato abu mai nauyi da ake tsai da jirgi da shi, a ruwa mai gudu, tana iya maƙalewa ta ja gindin jirgin ƙasa, kuma in ka hango itacen da ya faɗo cikin kogi fara kauce masa tun daga nesa.

Tambaya: Malam, ni abin da ya ɗaure min kai a bidiyon turawan nan, mutum ya sha wahala ya kama kifi sai ya ɗau hoto ya sake shi. Haramun ne a ci ko kuwa? Daga wata mai karatu a Zinder.

Amsa: Hajiya ba haramun ba ne, kifi ne mai ɓawo kuma yana da daɗi, namansa ya yi kama da na kifin salmon don danginsu ɗaya. Ni ma farkon ganina sai da na riƙe baki. Dalilin shi ne tun 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta bayan binciken da aka yi a kogin Madison ya nuna cewa zubawar rage na asalin take yi, yanzu kusan duk abin da ke ciki a nan aka ƙyanƙyashe shi, ga masu su dubbai kowace shekara, in kowa ya tafi da nasa gida ba abin da zai saura. Wasu wuraren doka ta yarda ka ɗauki 'yan ƙalilan, wasu kuma dole ka saki, musamman nau'in asalin jihar mai jan zane a ƙarƙashin haɓa. Mai sakin kuma jiƙa hannu yake yi kafin ya taɓa shi, don busasshen hannu yana goge santsin da ke kare fatarsa daga cuta.